Baƙo Ɗan Aike Ne, A Nuna Masa Gaskiya

Ɗan Issa, cikin gundumar Madarumfa, gari ne na bakin iyaka. Hanyar da ta taso daga Maraɗi ta ratsa shi, ta bi ta Jibiya zuwa Katsina da Kano. Gidaje da yawa suna da ɗa ko ƙane da ke zaune a Nijeriya wajen neman abinci, wani yana ɗinki, wani yana dako, wani yana gadi. Idan aka gama aikin kaka, iyaye da ƴan'uwa sukan ɗauki hanya su je gano su. Al'ada ce mai kyau, domin zumunta a ƙafa take. Amma akwai wani ciwo da ya shiga cikinta, wanda ya kamata a faɗe shi a fili.

Ciwon kuwa shi ne ƙaryar arziki. Da zarar an ce baƙi na tafe, sai mai masauki ya ci bashi, ya ari ɗakin abokinsa, ya yanka kaji, ya bar sana'arsa yana yawo da su kantuna cikin motar haya. Ranar komawa kuma ya haɗa musu tsaraba da kuɗin mota. Baƙi su tafi suna sa albarka, shi ko a bar shi da masu bin bashi har damina ta faɗi.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Baƙo ɗan aike ne: abin da ya gani shi zai bayar da labari a gindin bishiya. Samari su ji cewa Wane ya zama mai kuɗi, sai su raina gona, wani ma ya sayar da akuyar uwarsa ya yi guzuri. Mutanen gida kuma su ƙara yawan buƙatun da suke aika masa. Mai masaukin da ya nuna ɗakinsa na haya yadda yake, ya faɗi abin da yake samu da abin da yake kashewa, ya fi yi wa garinsu amfani.

Wani zai ce ai karrama baƙo wajibi ne. Gaskiya ne. Amma karramawa ita ce sakin fuska, da ruwan sha, da ciyarwa daidai ƙarfi, da kai baƙo inda zai ƙaru. Wuraren ƙaruwa kuwa ba su da tsada.

Mutumin ƙasar Maraɗi da ya je Katsina ya je tushensa ne. Bayan da jihadi ya ci birnin a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe ta kafa mulkinta a Maraɗi, shi ya sa har yau sarautar Maraɗi ake ce mata Sarkin Katsina. To, a kai baƙo ya ga Hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. A nuna masa ƙofofin birni, kamar Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri. A kai shi tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ta kuma zama gidan tarihi. Idan a Kano ne, ga Dutsen Dala, ga Gidan Makama, ga marinar Ƙofar Mata, ga Kasuwar Kurmi ta zamanin Muhammadu Rumfa. Yaron da aka kai waɗannan wurare ya sami tsarabar da ba ta tsufa.

Shi ma baƙo da nasa nauyi. Ya sanar kafin ya taso, ya faɗi yawan mutane da kwanakin da za su yi. Ya riƙe guzurinsa da kuɗin komawarsa, ya kuma yi tafiya da rana, saboda ƴan bindiga sun sha addabar yankin Jibiya da Madarumfa. Kada ya manta da takardunsa, domin ko da harshe ɗaya ne, ƙasa biyu ce. A 1983 Nijeriya ta kori baƙin da ba su da takardu. Ta rufe iyaka a watan Agusta na 2019, an sake rufewa a 2023, Nijar kuma ta fita daga ƙungiyar CEDEAO a Janairun 2025. Saboda haka a tambayi ƴan sanda da ma'aikatan duwan abin da doka ta ce kafin a ƙetare. Baƙon da aka kama babu takarda, mai masaukinsa ya ja wa wahala.

Akwai aiki a nan ga waɗanda suka yi yaƙi da jahilci: su ne za su rubuta wa iyaye saƙo, su lissafa musu kuɗin hanya, su karanta musu allunan gidan tarihi. Hakimai da masu gari da limamai kuma su riƙa tunatar da jama'a cewa wanda ke zaune a ƙasar waje bai zama baitulmali ba. Ziyarar da ta bar mai gida cikin bashi ba ta ƙara zumunci, rage shi take yi. Allah ya ba da ikon gyarawa.