Mai Arsenal da gonar inabin da ta yi kusan shekara 200 a hannun gida ɗaya

'Yan Arsenal, wannan ya ɗan shafe ku. Kun san Stan Kroenke, attajirin Amurka mai kulob ɗinku. A watan Janairun 2017 ya sayi kaso mafi tsoka na wata gonar inabi a yankin Burgundy na Faransa, sunanta Bonneau du Martray. Gonar ba ta fi hekta 11 ba, a jikin tudun Corton, amma ta yi kusan shekara 200 a hannun zuri'a ɗaya.

Kafin wani ya ce na koma tallar barasa: a'a, giya suke yi da inabin, ni kuwa ba ruwana da ita. Abin da ya dame ni shi ne yadda gona mai riba, mai suna a duniya, ta suɓuce daga hannun masu ita.

Sana'ar tasu ta haƙuri ce. In ka dasa kuringar inabi, sai ka jira shekara uku kafin ta ba ka abin kirki. Da hannu ake tsinkar 'ya'yan, a matse, a zuba a gangunan katako, a bar shi wata da watanni a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Jean-Charles le Bault de la Morinière, wanda ya riƙe gonar kafin a sayar, har ya kawar da maganin kashe ciyawa da takin zamani ya koma noman gargajiya. Girbi sau ɗaya ne a shekara. Wato ko mutum ya yi shekara 40 yana aikin, sau 40 kacal ya gwada hannunsa. Shi ya sa ilimin yake zama a gida: wane gefen tudu ne ke riƙe ruwa, wane ne sanyi ke fara dama, ran da ya kamata a fara tsinka. Wannan ba a makaranta ake samun sa ba.

To me ya kai su ga sayarwa? Gado. Tun zamanin Napoleon, dokar 1804 ta wajabta a raba dukiyar mamaci tsakanin 'ya'yansa. Ka dubi Clos de Vougeot, gona ce mai hekta 50 cikin katanga ɗaya, yau masu ita sun kai 80, wani layuka kaɗan ne rabonsa. Ga kuma harajin gado, wanda kan kai kashi 45 cikin 100 idan dukiyar ta yi yawa. Ana lissafa shi ne a kan kuɗin da ƙasar za ta yi a kasuwa, ba a kan abin da gonar ke kawowa ba. A irin waɗannan tuddan, hekta guda miliyoyin Yuro ce. Sai ka ga magaji yana da arziki a takarda, aljihu kuwa ba zai iya biyan gwamnati ba, balle ya fanshi rabon 'yan'uwansa. Haka Clos des Lambrays ta tafi hannun kamfanin LVMH a 2014, Clos de Tart kuma ta koma hannun iyalan Pinault.

Wasu na zagin masu sayarwa, wai sun ci amanar kakanni. Ni dai ban ga laifinsu ba. Ɗan'uwan da ke zaune a Faris, bai taɓa riƙe almakashin tsinka ba, yana da haƙƙinsa, kuma ba za ka ce masa ya haƙura da miliyoyi saboda tarihi ba. Inda nake ganin kuskure shi ne gidan da ya bari sai an yi rasuwa sannan a fara tambayar wa zai riƙe gona.

Ku dubi gidan Antinori a Italiya. Tun 1385 suke wannan sana'a, zuri'a ta 26 ke nan. Piero Antinori bai haifi namiji ba, 'ya'ya mata uku gare shi. Tun yana da ƙarfinsa ya jawo su cikin aikin, yau babbar, Albiera, ita ke shugabantar kamfanin. Magada suna da rabo a kamfani, ba wanda ya ja igiya a tsakiyar gona.

Mu ma fa mun san wannan ciwon. Gandu nawa ne a ƙauyukanmu aka yanka ƙanana bayan rasuwar maigida, har kowa ya ga nasa ba zai ciyar da shi ba, ya sayar wa mai kuɗin birni? Rabon gado wajibi ne, ba a kansa nake magana ba. Amma babu abin da ya hana magada, bayan kowa ya san kasonsa, su yarda a ci gaba da noma wuri ɗaya a raba amfani, a rubuta a gaban shaidu.

Na san za a ce ai Kroenke bai rushe gonar ba, har yanzu sunan yana nan a jikin kwalba. Gaskiya ne. Sai dai yanzu ma'aikaci ne ke duba tudun nan da safe, kuma ma'aikaci in an ba shi albashin da ya fi zai iya komawa wata gonar.

Wanda aka taɓa raba gandun gidansu, ya gaya mana yadda aka ƙare.