Sai Bature Ya Adana Mana Namu?

Jama'a, yau da ƙorafi na zo. A nan Gwiwa dariya ake yi mini don na cika akwati da tsofaffin kaset-kaset na bidiyo, wai marubuci ya zama ɗan gwangwan. To ku saurara. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 ɓacewa ya yi, sai a 2016 aka gano shi. Ina aka gyara shi? Jamus! A Berlin aka nuna shi a 2018. Mu fa, wa ke da Turmin Danya na 1990? Yaranmu sun haddace finafinan Indiya a waya, namu kuwa ƙura da zafi na cinye su. Laifinmu ne. Duk mai tsohon kaset ya juye shi tun bai lalace ba.