Bakin Masunci Daban, Bakin Ɗan Fada Daban

Batunmu na wannan mako wani aibi ne da ya yaɗu a littattafanmu: duk wanda muka saka a labari, bakinsa ɗaya da na sauran. Masuncin Argungu, dogarin Sarkin Gwandu, ɗalibar jami'a a Birnin Kebbi, kowa Kananci yake zubawa, kamar uwa ɗaya ta goye su.

Alhali mutum a gida yake samun baki. Yaron da ya tashi cikin gidan masunta kusa da Matan Fada, yana ganin homa da gora tun yana rarrafe, "kihi" zai ce, ba "kifi" ba. Zai ce "munka tahi", ya ce "gidanai", ya ce "wanga" da "wagga". In ya durƙusa gaban babba, "ranka shi daɗe" zai fito masa. Wannan Kabanci ne, gadon kakanninsa, ba kuskure ba ne da za mu gyara masa.

Ko cikin gari ɗaya ma, gida gida ne. Ɗan fada ya saba da kewaye kafin ya kai ga buƙata, ɗan kasuwa kuwa kai tsaye yake zuwa. A gidan malamai, ana cikin hira Larabci yana shigowa. A gidan ma'aikata, Turanci ne ke kutsowa. Uwar da aka tarbiyyantar da kunya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, sai ta laƙaba masa wani. Idan muka sa ta kira shi gatsau, mun ɓata ta, ko da labarin ya yi daɗi.

Wani zai ce ai Daidaitacciyar Hausa ce ta rubutu. Gaskiya ne, kuma tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ita ce ta haɗa mu. Mu riƙe ta wajen ba da labari. Amma da zarar ɗan labari ya buɗe baki, mu bar shi ya yi maganar gidansu. Kalma biyu ko uku sun isa, ba sai mun cika shafi har mai karatu a Zariya ya gaji ba.

Abin da ya fi muni shi ne yadda muke ajiye karin yamma don ban dariya kawai, a bakin bagidaje ko maigadi. Yarinyar Argungu da ke karanta mu a waya tana lura. Ran da ta fara jin kunyar maganar kakarta, da hannunmu a ciki. Narambaɗa da karin yamma ya yi wa sarakuna waƙa, ba wanda ya raina shi.

Aikin mako: kowa ya zauna da wani tsoho na gidansu, ya saurara, ya kawo mana hira ta layi goma da bakinsa.