Kafin a sayar da gona don karatun aikin jarida

A duk lokacin da jami'o'in Birtaniya suka buɗe ƙofar neman gurbin karatu, wayoyinmu ba sa hutawa. Ƙannenmu daga Kano, Zariya, Maraɗi da Damagaram suna aiko da tambaya iri ɗaya: wace jami'a ce ta fi a fannin aikin rediyo da talabijin? Sau da yawa tambayar takan zo da jerin matsayin jami'o'i da aka kwafo daga intanet, wani lokaci kuma da labarin cewa mahaifi ya amince ya sayar da gona ko fili. Mu da muka riga su zuwa, nauyi ne a kanmu mu faɗa musu gaskiya. Ra'ayinmu shi ne, kafin a tambayi wace jami'a, a fara tambayar kai: wa zan yi wa magana, da wane harshe, kuma a ƙarƙashin wace doka?

Dalilin wannan tambaya yana cikin abin da ya faru a idonmu. Tun 1957 da BBC ta fara watsa shirye-shirye da Hausa, iyayenmu suka saba da jin labarin ƙasarsu daga birnin Landan, daga baya kuma daga Jamus, Amurka da Faransa. Wannan zamani yana girgiza. A watan Agusta na 2023 hukumomin soja a Nijar suka dakatar da RFI, a Disamba na 2024 suka dakatar da BBC na wata uku, sannan a Maris na 2025 sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi shiru bayan umarnin Shugaba Donald Trump. Wanda ya gina burinsa a kan samun kujera a ɗaya daga cikin waɗannan tashoshi, ya gina shi a kan abin da wata gwamnati za ta iya rushewa da sa hannu guda. Nauyin ba jama'a labari yana komawa wuyan tashoshin gida, irin su Rediyon Tarayya Kaduna, Freedom Radio da aka buɗe a Kano a 2003, da ɗimbin tashoshin FM na jihohi. A can ake buƙatar ƙwararru, musamman ga zaɓen 2027 yana ƙaratowa.

Idan can ne fagen aiki, to ma'auni na farko shi ne yawan sa'o'in da ɗalibi zai yi a ɗakin watsa shiri. Aikin nan sana'ar hannu ce kamar ɗinki. Ana koyon ta da naɗar murya, tace sauti, rubuta labarin daƙiƙa talatin, da tsayawa gaban kyamara har harshe ya daina rawa. Makarantar koyon aikin jarida ta Jami'ar Missouri a Amurka, wadda aka kafa a 1908, ta yi suna ne domin ɗalibanta suna aiki a tashar talabijin ta KOMU mallakar jami'ar, wadda mutanen gari ke kallo kowace rana. A nan Birtaniya, hukumar BJTC ce ke tantance kwasa-kwasan aikin rediyo da talabijin, kuma tana sharɗanta ranakun haɗa labarai na gwaji da zuwa koyon aiki a tasha. Kwas da yawa masu ɗauke da sunan yaɗa labarai nazari ne zalla. Mun san abokan karatu da suka gama shekara guda suna rubuta maƙala a kan ka'idojin sadarwa ba tare da sun taɓa makirufo ba. Ilimi ne mai amfani ga mai son koyarwa, amma ba shi suka zo nema ba.

Ma'auni na biyu shi ne doka. Kwas ɗin Birtaniya zai koya wa ɗalibi ka'idojin Ofcom da dokar ɓata suna ta Ingila. Ba zai koya masa kundin ka'idojin hukumar NBC ba, wadda aka kafa a 1992, kuma wadda ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 a Agusta na 2022 saboda shirin da tashar ta yi a kan 'yan bindiga. Ba zai koya masa yadda ake amfani da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ba, ko yadda aka riƙa kama 'yan jarida da sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015. Ɗan jaridar da bai san waɗannan ba, ko dai ya jefa tasharsa cikin rigima, ko tsoro ya hana shi yin tambayar da ta kamata.

Ma'auni na uku shi ne harshe. Babu jami'ar Turai da za ta koya wa mutum yadda zai bayyana kasafin kuɗi ko hauhawar farashi ga manomi a Funtuwa da Hausar da za ta shige shi. Wannan ana samun sa ne a gida. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun daɗe suna koyar da aikin jarida, Kwalejin Talabijin ta NTA da ke Jos tana horar da masu aikin talabijin. Tun 2020 hukumar NUC ta rarraba digirin aikin jarida gida-gida, har watsa shirye-shirye ya zama fanni mai cin gashin kansa.

Za a ce mana kayan aikin makarantun gida sun tsufa, yajin aikin malamai yana tsawaita shekaru, kuma mu da muke wannan wa'azi a waje muke karatu. Duk gaskiya ne, ba kuma muna cewa kada a fito ba. Horon da ake samu a nan wajen tantance labari, jin kowane ɓangare da kiyaye lokaci abu ne da tashoshinmu ke ƙishirwarsa. Abin da muke cewa shi ne a bi tsari: digiri na farko a gida, shekara biyu ko uku a tashar gida, sannan digiri na biyu a waje idan an sami tallafi irin na Chevening, wanda shi kansa yana neman gogewar aiki ta shekara biyu. Kuɗin makaranta na shekara guda a sanannun kwasa-kwasan nan yakan haura fam 20,000, ban da haya da abinci, alhali albashin mai gabatar da shiri a tashar jiha ba zai mayar da wannan kuɗi ba ko da an shekara goma.

Ga wanda ya riga ya ƙudura fitowa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ya rubuta wa shugaban kwas tun yanzu ya tambayi ranaku nawa ake haɗa labarai a zango, a waɗanne tashoshi ɗaliban bara suka koyi aiki, kuma ko za a yarda aikinsa na kammalawa ya kasance a kan Zamfara ko Diffa. Ya nemi ɗalibin da ke cikin kwas ɗin ya ji daga bakinsa. Mu kuma a wannan ƙungiya, ya kamata mu tattara sunayen membobinmu da suka karanta wannan fanni, domin duk ƙanin da ya aiko tambaya a haɗa shi da wanda ya gani da idonsa, kafin mahaifinsa ya kira dillalin gona.