Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Hukumar NIMASA Kan Wayoyin Wuta A Jiragen Ruwa

Ranka ya daɗe,

Na ɗauki alƙalami ne kan wani abu da ke ɓoye cikin silin da bangon kowane jirgi da ke tsayawa a Apapa, Tin Can ko Onne, wato wayoyin wuta da robar da ta lulluɓe su.

A gida, idan waya ta kama da wuta, sai a kashe mita a fito waje. A tsakiyar teku kuwa ina za a fita? Ga ruwan gishiri, ga baƙin mai, ga zafin ɗakin inji, ga jijjiga dare da rana. Su ke cin robar waya har ta bushe ta tsattsage, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yawancin jiragen kaya suna aiki da wuta mai ƙarfin bolt 440, an kuma tsara ta yadda idan waya ɗaya ta taɓa ƙarfen jirgi wuta ba za ta ɗauke ba, don kada sitiyari da famfuna su tsaya. Hikima ce, amma nan sakaci ke shigowa. A babban allon wuta akwai ƙananan fitilu uku. Da waya ta taɓa ƙarfe, ɗaya za ta dusashe, biyu su ƙara haske, jirgi kuma ya ci gaba da tafiya kamar lafiya lau. Ranar da wata waya ta wani layin ta taɓa, wuta ta haɗu ke nan. Idan a mashigar tashar Legas abin ya faru, jirgi maƙare da kaya zai iya rasa sitiyari a wuri mai ƙunci.

Shawarata ta farko, jami'anku masu binciken jiragen waje a ƙarƙashin Yarjejeniyar Abuja ta 1999 su riƙa neman littafin gwajin Megger, wato gwajin lafiyar robar wayoyi, su kuma sa a gwada a gabansu. Layin da ya gaza megom ɗaya a wannan gwajin, a nemo ciwonsa kafin jirgi ya ɗaga.

Ta biyu, yarjejeniyar SOLAS ta 1974 ta wajabta wayoyin da ba sa yaɗa gobara, da haɗa jikin injuna da ƙarfen jirgi ta wayar ƙasa. A duba wannan wayar, domin tsatsa kan cinye ta, fenti ya rufe. Wayar da aka ɗaure da salatif a sauya ta, ramin da waya ta ratsa bango a toshe shi, don ta nan hayaƙi da ruwa ke bi.

Ta uku, matasan da ke karatu a makarantar jiragen ruwa ta Oron da waɗanda kuke ɗaukar nauyinsu a shirinku na horar da ma'aikatan jirgin ruwa, NSDP, cikinsu har da 'ya'yanmu na Arewa, su koyi farautar matsala da hannunsu: a kashe layi ɗaya bayan ɗaya, a fara da kicin, ɗakin wanki da fitilun waje da ruwa ke duka.

Ranka ya daɗe, kowane matuƙi yana da uwa da ke jiran dawowarsa. Ina roƙonku ku sa ido kan waɗannan fitilu uku, domin rigakafi ya fi magani. Allah ya yi muku jagora.

Wassalam.