Waiwaye: Tsohon Cocin da Fela Ya Yi Wasa a Ciki

A ranar 28 ga Nuwamba 1983, Fela Anikulapo Kuti ya hau dandamali a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, aka naɗi wasan aka fitar da shi a faifai. Da yawa cikin waɗanda suka saurari faifan nan a Najeriya ba su san a tsohon coci aka yi shi ba. Sunan wurin Paradiso, kuma har gobe ana kiɗa a cikinsa.

An kammala ginin a 1880 domin wata ƙungiyar mabiya da ta ɓalle daga babban cocin ƙasar. Nan suka yi ta taruwa har 1965, lokacin da suka tattara suka koma wata unguwa a kudancin birnin. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ginin ya zama kango, har aka fara zancen a rushe shi a gina otal. A 1967 wasu matasa suka kutsa ciki suka ce nan za su riƙa taruwa. 'Yan sanda suka fatattake su, amma hukumar birnin ta sake shawara, ta ga gara a ba su wurin bisa ƙa'ida da a bar su suna gararamba a titi. Aka buɗe shi ranar 30 ga Maris 1968.

Ba a rushe siffarsa ta asali ba. Dogayen tagogi masu gilashi mai launi suna nan bayan dandamali, ga bene hawa biyu da ya kewaye zauren. Yana ɗaukar mutum wajen 1,500. Ƙungiyar Rolling Stones, da ta saba cika filin ƙwallo, ta zo nan ta yi wasa a 1995. Wurin kuma bai rasa abin kunya ba: a shekarunsa na farko ya yi ƙaurin suna wajen shan wiwi a fili.

Kada wani ya yi mini gurguwar fahimta. A ƙasarmu babu mai hankalin da zai ce a mayar da wurin ibada gidan kiɗa, masallaci ne ko coci, ni ma ban ce ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda suka ƙi barin gini mai ƙwari ya mutu don kawai masu shi sun tashi.

Mu dawo gida. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Auduga ce ta ja shi, ita ce kuma ta kawo injinan gurza na kamfanin BCGA, a ƙasar Maska da aka san ta da saƙa tun kafin zuwan Turawa. Da kasuwar auduga ta ja baya, jirgi ya yi ƙaranci, wasu sito-sito da gine-ginen wancan zamani suka koma hannun jemagu da gara. Kwano ya yi tsatsa, ƙofa ta ɓalle, awaki na kwana a inda dā ake jibge dilolin auduga. Bangon kuwa yana nan daram.

Kuma fa a Funtuwar nan Alhaji Mamman Shata ya zauna shekara da shekaru kafin rasuwarsa a 1999. Yau yaron da ke son jin kalangu da 'yan amshi ido da ido, sai dai ya jira bikin wani attajiri ko taron siyasa, ya tsaya daga bakin rumfa yana leƙe. In ba haka ba, sai waya. Makaɗan ma sun koma jiran gayyata, wadda takan yi wuya da damina.

Ai mun taɓa yin irin wannan dabara. Tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 gidan tarihi ce yanzu, haka Gidan Makama a Kano.

Don haka ina kira ga ƙaramar hukumar Funtuwa, da fadar Sarkin Maska, da attajiranmu na hatsi da sufuri: a nemi sito ɗaya daga hannun masu shi, a gyara rufi, a ja wuta, a sa masa sunan Shata. A gindaya ƙa'ida tun farko, da shawarar malamai da iyaye: ban da ƙwaya, a kuma tashi da wuri. A bar makaɗan gargajiya su samu ranarsu a mako, sauran kwanaki a yi lacca da wasan kwaikwayon 'yan makaranta.