Dokar gida da rikicin mayaƙi da matsafi

Tun shekarar 1974 da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, masu wannan wasa ba su daina yi wa dokokinsa kwaskwarima ba. Wasa ne da ake zama a kewaye da tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, jagora yana ba da labari, ɗan lido mai fuska 20 kuma yana yanke hukunci. Dokar da ƴan tebur guda suka ƙirƙira wa kansu ita ake kira dokar gida.

Tsohuwar matsalar wasan ita ce tazarar da ke tsakanin mayaƙi da matsafi. A farkon tafiya mayaƙi ne gwani, matsafi kuwa ko sara ɗaya na iya kayar da shi. Da matakai suka hau, sai matsafi ya riƙa tashi sama, yana ɓacewa, yana kashe faɗa da sihiri guda, mayaƙi na nan da takobinsa. Wanda ya zaɓi mayaƙi yakan wayi gari ɗan kallo, kuma ɗan kallo ba ya daɗewa bai daina zuwa ba.

Jagorori da yawa sukan yi gaggawar rage wa matsafi ƙarfi. Wannan kuskure ne. Littafin jagora na bugu na biyar, na 2014, ya gina lissafinsa a kan arangama shida zuwa takwas kafin dogon hutu, wanda shi ke mayar wa matsafi sihirinsa. Tebur da ke faɗa ɗaya sannan a kwanta barci ya ba matsafi damar zazzage duk abin da ke jakarsa a kowane karo. Gyaran yana wajen hutu. Littafin ma ya kawo zaɓin mayar da gajeren hutu sa'o'i 8, dogon kuma kwana 7. Da an bi wannan, matsafi zai fara tattali, takobin da ba ya ƙarewa kuma ya dawo da darajarsa, ba tare da an ƙwace wa kowa komai ba.

Akwai kuma dokar gida da ke da farin jini alhali ɓarna take yi: duk wanda ɗan lidonsa ya faɗa a kan 1, makaminsa ya suɓuce ko ya sari abokinsa. Abin dariya ne a tebur, ba shakka. Sai dai mayaƙi a mataki na 20 yana kai sara huɗu a zagaye guda, don haka yiwuwar ya ci karo da 1 ta kusa kashi 19 cikin ɗari, wanda ke kai hari ɗaya kuwa kashi 5 kacal. Ƙwarewa ta zama hukunci ke nan. Matsafi kuma sau da yawa abokin gaba yake tilasta wa jefa ɗan lido, shi yana gefe.

Saboda haka doka tana buƙatar lissafi kafin a kafa ta, a rubuta ta, kowa ya amince tun kafin a fara, kada a sauya ta ana tsakiyar faɗa. Wadda ta ci wannan jarrabawa takan yi nisa. Shekaru da dama tebura suna barin jarumi ya sha maganin warkarwa ba tare da ya rasa damar kai hari ba, har kamfanin Wizards of the Coast ya shigar da hakan cikin dokokin da ya sabunta a 2024.